Ciwon tantanin cikin zuciya

A ƙasar Nijar, in yaro ya yi masassara, abin da ake fara tunani shi ne cizon sauro. Sau da yawa haka ɗin ne, musamman da damina da kaka. Amma akwai wata masassara da ba ta jin maganin cizon sauro. Takan lafa da rana ta dawo da dare. Takan yi mako biyu, mako uku, har wata guda. Yaron yana ramewa, ba ya son abinci, in ya yi ɗan gudu sai ya tsaya yana haki. Wani lokaci tushen irin wannan masassara yana can cikin zuciya. Ƙwayoyin cuta ne suka shiga jini, suka je suka kama tantanin da ke cikinta. Da Faransanci sunan wannan ciwo endocardite. Ba ya kama mutane da yawa, amma in ba a yi maganinsa ba, kisa yake yi.

1. Zuciya da aikinta

Zuciya tsoka ce. Tana cikin ƙirji, tsakanin huhun dama da na hagu, ta ɗan karkata hagu. Girmanta ya kai dunƙulen hannun mai ita. Aikinta shi ne tura jini zuwa ko'ina cikin jiki, dare da rana, ba hutu.

Zuciyar babban mutum tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya in yana zaune. Ta yara ta hi sauri kaɗan. A kwana ɗaya zuciya tana bugawa wajen sau dubu 100. Babban mutum yana da jini kamar lita 5 a jikinsa, kuma zuciya tana tura kusan lita 5 ɗin nan a kowane minti. A kwana ɗaya ke nan, jinin da yake ratsa ta ya kai cikin tano 36 masu cin lita 200.

Cikin zuciya akwai ɗakuna huɗu, biyu a dama, biyu a hagu. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki, ya tura shi huhu domin ya ɗauko iska mai kyau. Ɓangaren hagu yana karɓar jinin da ya dawo daga huhu, ya tura shi zuwa kai, da ciki, da hannuwa, da ƙafahu.

A bakin mahitar kowane ɗaki akwai ƙyaure. Ƙyamaren nan huɗu ne. Sukan buɗe jini ya wuce, su ruhe kada ya koma baya. Haka zugazugin maƙeri yake aiki: iska tana shiga ta wuri guda, tana hita ta wajen wuta. Wanda ya kanga kunnensa a ƙirjin ɗan'uwansa zai ji ƙara biyu suna bin juna. Ƙarar ruhewar ƙyamaren ce.

2. Tantanin ciki

Ɗakunan zuciya da ƙyamarenta duka a lulluɓe suke da wani tantani. Siriri ne ƙwarai, mai santsi kamar cikin sabuwar ƙwarya. Saboda santsin nan, jini yana wucewa ba ya maƙalewa, kuma ƙwayar cuta ba ta samun wurin kamawa.

Kowace mace mai tallar nono ta san bambancin sabuwar ƙwarya da wadda ta tsage aka ɗinke. Sabuwar, ana ɗauraye ta sai ta yi tas. Mai ɗinkin kuwa, komai wanki, dauɗa takan laɓe a wurin ɗinkin. Tantanin zuciya ma haka yake. Muddin yana lahiya, da wuya ƙwayoyin cuta su zauna bisa kansa. In ya kurje ko ya yi tabo, to sun sami maɓoya.

3. Ƙwayoyin cutar da hanyar shigarsu

Ƙwayoyin cutar da suka hi kawo wannan ciwo ana kiransu bakteri. Ƴan mitsi-mitsi ne, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. In aka jera guda dubu, tsawonsu zai kai kamar milimita ɗaya kawai. In sun sami wuri mai ɗumi da abinci, ɗaya takan rabu biyu cikin ƙasa da awa guda, biyun su zama huɗu, huɗun su zama takwas.

Iri biyu ne suka hi yin ɓarna. Na farko sunansu sitireptokok. A madubi ana ganinsu jere kamar tasbaha. Wasu daga cikinsu suna zaune a bakin kowane mutum, tsakanin haƙora da dasashi. Na biyu sunansu sitafilokok. Su a dunƙule suke, curi-curi. Suna zaune bisa fata da cikin hanci, kuma su ne suke kawo maruru.

Muddin suna waje, ba su da wata illa mai yawa. Fata da tantanin baki kamar garun gari suke. Ɓarna tana farawa ne in garun ya ɓule, suka faɗa cikin jini. Ga hanyoyin da suka hi bi:

- ruɓaɓɓen haƙori da dasashi mai kumburi yana zubar da jini;
- cire haƙori;
- maruru, gyambo, da ƙazwar da aka sosa har ta yi mugunya;
- allurar da aka yi wa wani da ita, ko wadda ba ta da tsabta;
- aska ko reza marar tsabta wajen kaciya, tsaga, ƙaho ko cire belu;
- siririyar robar da ake sa wa marar lahiya a jijiya, in ta daɗe ko ba a kula da tsabtarta ba;
- allurar miyagun ƙwayoyi da wasu suke yi wa kansu a jijiya.

Cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, su ne sojojin jiki. Yawancin lokaci sukan cinye bakteri cikin ƴan mintoci, mutum bai ma san an yi ba. Shi ya sa ba duk mai ciwon haƙori ne yake kamuwa da ciwon zuciya ba.

4. Yadda ciwon yake kama zuciya

Abu biyu ne suke haɗuwa: ƙwayar cuta cikin jini, da wuri mai rauni cikin zuciya.

In ƙyaure ya lalace, jini ba ya wucewa salin-alin. Yakan yi tsartuwa da ƙarhi, yana dukan wuri guda har tantanin ya kurje. Jiki yakan yi ƙoƙarin liƙe kurjewar da ɗan gudan jini, kamar yadda miki yake yin ɓawo. In bakteri suka biyo ta nan, sai su manne ga gudan jinin. Wani jinin ya sake daskarewa bisa kansu ya lulluɓe su. Daga ciki su yi ta hayayyafa. Sannu a hankali sai wurin ya zama curi. Likitoci suna ce da shi tsiro. Wani bai wuce ƙwayar gero ba, wani ya kai ƙwayar gyaɗa ko ya hi.

Sojojin jiki ba sa iya kaiwa cikin tsiron da sauƙi, domin ƙyamaren zuciya ba su da jijiyoyin jini sosai. Daga nan ɓarna iri uku take biyowa.

Ta farko, bakteri suna cin ƙyauren. Yakan huje ko ya yage, ya kasa ruhewa. Jini ya riƙa komawa baya, zuciya ta yi ta wahala har ta gaji. Ruwa ya taru a huhu, ƙafahu su kumbura.

Ta biyu, tsiron yana ɓantarewa. Ɓantaren yakan bi jini har ya je ya toshe wata ƙaramar jijiya. In a ƙwaƙwalwa ya toshe, ɓarin jiki yakan shanye ko magana ta ɗauke. Yana iya toshewa a ƙoda, ko saifa, ko huhu, ko ƙafa.

Ta uku, tsiron yana ta zuba bakteri cikin jini. Shi ya sa masassarar ba ta ƙarewa.

Sitireptokok na baki sukan yi aikinsu a hankali, mako da makonni. Sitafilokok kuwa sun hi zahi. Suna iya kama ƙyaure ko da lahiyarsa lau, su lalata shi cikin ƴan kwanaki.

Waɗanda suka hi shiga haɗari su ne wanda aka haifa da naƙasa a zuciya, da wanda aka yi wa aiki aka sa masa sabon ƙyaure, da wanda ya taɓa yin wannan ciwo, da tsoho wanda ƙyaurensa ya ƙandare, da kuma wanda ciwon maƙogwaro ya lalata wa ƙyaure tun yana yaro. Wannan na ƙarshe shi ya hi yawa a ƙasashen Afrika.

5. Daga maƙogwaro zuwa zuciya

Ga misalin yadda abin yake tahiya. Yaro ɗan shekara 8 ya tashi da ciwon maƙogwaro da masassara. Haɗiyar miyau ma da ƙyar. Ba a kai shi gidan likita ba. Bayan ƴan kwanaki ya warware ya koma makaranta, kowa ya manta. Mako biyu ko uku bayan haka, gwiwarsa ta kumbura tana zogi. Ta lafa, idon sawu ya ɗauka. Shi ma ya lafa, gwiwar hannu ta ɗauka. Aka ce sanyi ne. Wannan ma ya wuce. Amma cikin ƙirji wani abu ya faru wanda ba wanda ya gani.

Wani iri ne na sitireptokok ya kama maƙogwaron, dabam da na baki. Jiki ya tashi yaƙi da shi. To, wasu sassan wannan ƙwaya sun yi kama da naman gaɓoɓi da na zuciya. Sai sojojin jiki suka ruɗe, suka abka wa gaɓoɓi da ƙyamaren zuciya. Wannan shi ne masassarar gaɓoɓi. Gaɓoɓin sukan warke sarai. Ƙyamaren kuwa sukan yi tabo. Duk lokacin da ciwon ya dawo, tabon ƙaruwa yake yi. Bayan shekaru, in yaron nan ya yi ruɓaɓɓen haƙori ko gyambo, bakteri za su tarar da wurin zama a shirye.

Masassarar gaɓoɓi ta hi kama yara ƴan shekara 5 zuwa 15, wato ƴan makaranta. Ta hi yawa inda mutane suke kwana a cunkushe, kuma gidan likita yake da nisa. Hukumar Lahiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutanen da wannan ciwo ya lalata wa zuciya sun hi miliyan 40, wato sun hi dukan mutanen Nijar yawa. Yana kashe hiye da mutum dubu 300 kowace shekara. A 2018, babban taron Hukumar ya yanke shawara a kan ƙasashe su tashi tsaye su yaƙe shi.

Ciwon maƙogwaro yana yaɗuwa ta tari da atishawa. Ciwon tantanin zuciya kuwa ba a ɗaukarsa daga wani. Ba dalilin gudun mai shi.

6. Alamomin ciwon

- masassarar da ta daɗe, wadda ba ta jin maganin cizon sauro;
- gumi da dare har tufahi su jiƙe;
- kasala, rashin cin abinci da rama;
- haki, da kasa kwanciya sai an tada kai;
- kumburin ƙafahu;
- ciwon gaɓoɓi da na baya;
- ƴan jajayen ɗigo a cikin baki, ko cikin fatar ido, ko a tahin hannu;
- ƴan layuka ja ko baƙi ƙarƙashin farce, kamar sartse;
- ƴan ƙulli masu zahi a kan yatsu;
- jini cikin hitsari.

Ba dole ne duka su bayyana ba. Ga wanda aka san ƙyauren zuciyarsa ya taɓu, masassara kaɗai ta isa a garzaya da shi wurin likita.

7. Yadda likita yake gane shi

Da farko likita yana tambaya, ya auna zahin jiki. Zahin jikin mai lahiya yana wajen digiri 37. Daga 38 masassara ce. Sannan ya saurari ƙirji. In ƙyaure ya lalace, ana jin wata ƙara kamar hucin iska tsakanin bugu da bugu.

Abin sauraren ƙirjin nan, wani likitan Faransa mai suna René Laennec ne ya ƙirƙiro shi a 1816. Da takarda ya fara, ya naɗe ta kamar bututu, daga baya ya sassaƙa na itace. A 1835 wani likitan Faransa, Jean-Baptiste Bouillaud, ya raɗa wa tantanin da ciwonsa sunayen da ake kiransu da su har yau. Ya kuma nuna dangantakar da ke tsakanin masassarar gaɓoɓi da ciwon zuciya. A 1885 William Osler, likita ɗan ƙasar Kanada, ya yi cikakken bayanin ciwon gaban likitoci a birnin Landan. Ƴan ƙullin nan na yatsu ma sunansa suka ci.

A yau gwaji biyu ne suke tabbatar da ciwon. Na farko shi ne shukar jini. Ana ɗibar jini kamar sau uku, a zuba cikin kwalabe masu abincin bakteri, a ajiye su wuri mai ɗumi irin na jiki. In akwai bakteri, sai su yaɗu cikin ƴan kwanaki. Da haka ake sanin irinsu da maganin da zai kashe su. Wanda ya riga ya sha ƙwayoyin da aka saya wurin mai talla yakan ɓata wannan gwaji, domin bakteri sukan laɓe, ba su mutu ba kuma ba su tsiro cikin kwalba ba.

Na biyu shi ne hoton zuciya. Ana yinsa da na'ura irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Ba ta da zahi. Likita yana ganin ƙyamaren suna buɗewa suna ruhewa, ya ga tsiron in akwai. A manyan asibitoci ake samun waɗannan gwaje-gwaje, shi ya sa ƙaramin gidan likita yakan tura marar lahiya birni.

8. Magani

A da, kusan duk wanda ciwon ya kama mutuwa yake yi. Gustav Mahler, shahararren mai tsara kiɗa na ƙasar Ostiriya, ya kamu da shi a 1911. Likitoci sun ɗebi jininsa, sun ga ƙwayar cutar da idonsu, amma ba su da abin kashe ta. Ya rasu a shekarar yana da shekara 50. A 1928 Alexander Fleming ya gano penisilin a Landan. A shekarun 1940 aka fara samunsa da yawa, daga nan ne aka fara ganin masu wannan ciwo suna tashi.

Maganin yau shi ne ƙwayoyin kashe bakteri, ta jijiya, da yawa, kuma na dogon lokaci. Yawanci mako 4 zuwa 6 ake yi, a fara a gadon asibiti. Dalilin daɗewar shi ne bakteri suna ɓoye cikin tsiro, magani ba ya ratsa shi da sauri. Masassara takan sauka cikin makon farko, marar lahiya ya ji kamar ya warke. In aka tsaya nan, waɗanda suka rage za su sake yaɗuwa. Dole a kai ƙarshen kwanakin da likita ya yanka.

In ƙyauren ya lalace ƙwarai, ko tsiron ya yi girma, sai an yi aiki. Ana gyara ƙyauren ko a sauya shi da wani. Aiki ne mai wuya da tsada, ba kowane asibiti yake yinsa ba. Ko a asibitocin da suke da kayan aiki sosai, cikin mutum 5 masu wannan ciwo kusan 1 yakan rasu. Saboda haka rigakahi ya hi magani nesa ba kusa ba.

9. Rigakahi

Maƙogwaro. Yawancin ciwon maƙogwaro na mura ne, yakan zo da tari da majina, ya wuce da kansa. Wanda ake tsoro shi ne mai zuwa farat ɗaya da masassara, da kaluluwa a wuya, da fararen ɗigo cikin maƙogwaro, ba tari ba majina. Irin wannan sai a kai yaro gidan likita. Allurar penisilin guda ɗaya, ko ƙwayoyi na kwana 10, sun isa su kare zuciyarsa. Cire belu ba ya kashe bakteri, sai ma ya buɗe musu sabuwar ƙofa.

Allurar wata-wata. Yaron da ya taɓa yin masassarar gaɓoɓi ana yi masa allurar penisilin mai daɗewa a jiki, duk mako 3 ko 4, shekara da shekaru. Allurar tana da zahi, amma ita take hana ciwon dawowa. Likita ne kaɗai yake cewa a daina.

Haƙora. A goge su sahe da dare, da asawaki ko da buroshi da man haƙori. A rage alewa da yawan sukari. Haƙorin da ya fara ruɓewa a kai shi ga likitan haƙori. Mai ciwon zuciya ya faɗa wa likitan tun kahin a taɓa bakinsa, domin wasu ana ba su magani kahin a cire haƙori.

Fata. A wanke miki da ruwa mai tsabta da sabulu, a ruhe shi. Kada a matse maruru. A yi maganin ƙazwa da wuri.

Allura da aska. Sabuwar allura ga kowane mutum, sabuwar reza ga kowane mutum. Ma'aikacin lahiya ne kaɗai ya kamata ya yi allura.

Yarinyar da ƙyauren zuciyarta ya taɓu, in ta girma ta yi aure, ta sanar da ungozoma da likita tun da wuri, domin ciki yana ƙara wa zuciya aiki.

Abin riƙewa

Zuciya tana da ɗakuna huɗu da ƙyamare huɗu, a lulluɓe da tantani mai santsi. In bakteri suka shiga jini suka tarar da ƙyaure mai tabo, sukan zauna su yi tsiro. Ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba yana iya sa wa ƙyaure tabo. Masassarar da ta daɗe, likita ne ya kamata ya duba ta.

Kalmomi

Tantani: siririyar fata da take lulluɓe wani abu cikin jiki.
Dasashi: naman da haƙora suke tsaye cikinsa.
Kaluluwa: ƙullin da yake hitowa a wuya, ko hamata, ko matsematsi in akwai ciwo kusa.
Rigakahi: abin da ake yi domin kada ciwo ya kama mutum.

Tambayoyi

1. Mine ne aikin ƙyamaren zuciya?
2. Domi aka kwatanta tantanin zuciya da ƙwarya?
3. Ku kawo hanyoyi huɗu da bakteri suke bi su shiga jini.
4. Yaya ciwon maƙogwaro yake lalata zuciya?
5. Domi ba a so marar lahiya ya sha magani kahin a ɗebi jininsa?
6. Domi ba a tsaida magani da zarar masassara ta sauka?

Aiki

1. Ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannunku, ta wajen babban yatsa. Ku ƙidaya bugun cikin minti ɗaya, ku rubuta. Ku zagaya hilin makaranta da gudu, ku sake ƙidayawa. Ku gwada lissahin biyu.
2. In zuciya tana bugawa sau 70 a minti ɗaya, sau nawa za ta buga a awa ɗaya? Sau nawa a kwana ɗaya?
3. In kun koma gida, ku bayyana wa iyayenku irin ciwon maƙogwaron da ya kamata a kai gidan likita.